Adamu Halilu: Mutumin da ya mayar da Shaihu Umar fim

Tun kafin a san sunan Kannywood, Arewa ta yi gwanin shirya fim wanda aikinsa ya ƙetare teku. Shi ne Alhaji Adamu Halilu, wanda aka haifa a Garkida ta jihar Adamawa ta yanzu a shekarar 1936.

Ya fara aiki ne a sashen fina-finai na gwamnatin Jihar Arewa, a zamanin da motar majigi ke zagaya ƙauyuka tana wayar da kan jama'a game da noma da kiwon lafiya. Ya ƙaro ilimin sana'ar a birnin Landan, ya dawo ya ci gaba da shirya fina-finan faɗakarwa.

Aikin da ya ɗaukaka sunansa shi ne Shaihu Umar na 1976, wanda aka ɗauko daga littafin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. Umaru Ladan ne ya fito a matsayin Shaihun. Da Hausa aka yi fim ɗin, kuma an nuna shi a bikin FESTAC na 1977 a Legas. Labarin yaro ne da aka raba da mahaifiyarsa a zamanin cinikin bayi, aka ƙetara Sahara da shi. Uwar ta bi sawunsa, ita ma ta faɗa hannun masu bautarwa, ba su sake haɗuwa ba sai tana dab da cikawa. Iyaye a Batsari da Safana, inda satar mutane ta raba gidaje da 'ya'yansu, ba sa buƙatar a fassara musu wannan baƙin ciki.

Bayan haka ya shirya Kanta of Kebbi, ya kuma shugabanci Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. Allah ya yi masa rasuwa a 2001.

Shekaru da dama an ɗauka cewa fim ɗin Shaihu Umar ya ɓace, sai a 2016 aka gano faya-fayansa a ma'ajiya. Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara su, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Abin takaici, har yau 'yan Arewa da yawa ba su taɓa kallon fim ɗin da aka yi da harshensu ba. Allah ya jiƙansa da rahama.