Tarihin Fon Rosen, Matuƙin Da Ya Kai Wa Filayen Jiragenmu Hari

Waɗanda suka zauna a Fatakwal ko Binin ko Inugu a ƙarshen yaƙin basasa ba za su rasa jin labarin wasu 'yan ƙananan jiragen sama da suka riƙa zuwa a saman itatuwa su yi ɓarna su gudu ba. Mutumin da ya kawo su wani Bature ne na ƙasar Suwidin, sunansa Kal Gustaf Fon Rosen. Ga tarihinsa a taƙaice.

An haife shi ran 19 ga watan Agusta, 1909, a gidan sarauta. Ubansa attajiri ne mai yawon duniya. Ƙanwar uwarsa kuwa ita ce ta auri Harman Gorin, wanda daga baya ya zama shugaban mayaƙan saman Jamus a zamanin Hitila. Wannan dangantaka ta bi shi har girma. Tun yana saurayi ya koyi tuƙin jirgi, har ya riƙa wasa da shi a sama don 'yan kallo.

A 1935 Italiya ta auka wa Habasha da yaƙi. Fon Rosen ya tafi can da jirgi, yana ɗauko wa ƙungiyar Red Kuros waɗanda aka yi wa rauni daga bakin daga. A nan ya ga yadda ake zuba wa talakawa iska mai guba daga sama, shi kansa ma ta ƙona shi. Da ya koma Turai sai ya kama aiki da kamfanin KLM na Holan.

A ƙarshen 1939 Rasha ta kai wa Finlan yaƙi. Sai ya sayi wani jirgin fasinja samfurin DC-2, aka gyara shi ya zama na jefa bom, ya ba mutanen Finlan, shi da kansa kuma ya kai wa Rashawa hari da shi a 1940. Bayan haka ya nemi shiga rundunar mayaƙan saman Ingila, amma aka ƙi shi saboda mijin ƙanwar uwarsa. Da yaƙin duniya ya ƙare Sarki Haile Salasi ya kira shi, ya yi wajen shekara goma, har zuwa 1956, yana koya wa samarin Habasha aikin mayaƙan sama. Daga nan ya koma tuƙin jiragen haya a kamfanin Transair na ƙasarsu.

To, ta wannan kamfani ne ya shigo cikin sha'anin Nijeriya. A 1968 sojan Tarayya sun riga sun kama Fatakwal, Biyafara ba ta da hanyar teku, yunwa kuwa tana ta kashe yara. Ƙofa ɗaya ta rage, watau wani yanki na titin mota a Uli wanda aka mayar filin jirgi, ana sauka da dare. Matuƙa da yawa sun ji tsoron bindigogin kakkaɓo jirage. A watan Agusta na wannan shekara, daidai lokacin da tsohon ubangidansa Haile Salasi ke ƙoƙarin sasanta ɓangarorin biyu a Adis Ababa, Fon Rosen ya taso daga tsibirin Sawo Tome da jirgi DC-7 cike da abinci da magani. Ya bi ƙasa-ƙasa yadda na'urar hango jirage ba za ta gan shi ba, ya sauka lafiya. Ganin haka sauran matuƙa suka bi sawunsa.

Har zuwa nan aikin agaji yake yi. Amma a lokacin Gwamnatin Tarayya tana da jiragen yaƙi MiG-17 da Ilyushin 28 ƙirar Rasha, da yawansu matuƙa daga Masar ke jan su, kuma bama-bamansu sun sha faɗawa kan kasuwanni da asibitoci. Fon Rosen ya yanke shawara cewa abinci kaɗai ba zai isa ba, sai an lalata jiragen nan a ƙasa.

Dabarar da ya yi ita ce ta ba duniya mamaki. An sayo jirage biyar na koyon tuƙi, samfurin MFI-9, masu kujera biyu da inji ɗaya mai ƙarfin doki 100. Aka kai su Gabon a wargaje, aka harhaɗa, aka shafa musu fenti irin na daji, aka maƙala wa kowanne roka 12 ƙirar Faransa a ƙarƙashin fikafikai. Matuƙan su biyar ne, uku mutanen Suwidin, biyu 'yan Biyafara. Shi kansa yana da shekara 59.

Ran 22 ga watan Mayu, 1969, suka faɗa wa filin jirgin Fatakwal. Cikin 'yan kwanaki suka kai hari Binin da Inugu, kana suka bugi tashar wutar lantarki ta Ugeli. Sukan zo daidai tsayin itatuwa, ba sa magana a rediyo, kafin masu gadi su kai ga bindiga sun saki rokoki sun juya. Sun lalata wasu jiragen yaƙi a inda suke ajiye. Turawa suka laƙaba musu suna Jariran Biyafara. Gwamnatin Suwidin kuwa ta ce ba da yawunta aka yi ba.

Sai dai abin ya zo da tsada. Tun dā Gwamnatin Tarayya tana kukan cewa jiragen makamai suna fakewa da na agaji su shiga Uli da dare. Yanzu ga shahararren matuƙin agaji ya ɗauki makami a fili, zargi ya sami gindin zama. Ran 5 ga watan Yuni, 1969, wani MiG ya harbo jirgin Red Kuros kusa da Eket, mutanen da ke ciki duka suka mutu. Red Kuros ta dakatar da jigila, abincin da ke isa wurin masu yunwa ya ragu ƙwarai na wani lokaci. Ƙananan jiragen sun ci gaba da bugun wuraren man fetur, amma ba su sāke akalar yaƙin ba. A watan Janairu, 1970, Biyafara ta miƙa wuya.

Da fari ya auka wa Habasha, Fon Rosen ya koma can a 1974. Wannan karon buhunan hatsi ya riƙa ɗaurawa ƙarƙashin fikafikan ƙananan jirage, yana sakin su a ƙauyukan kan duwatsu inda mota ba ta zuwa. Yana cikin wannan aiki ne rikicin Ogadan tsakanin Habasha da Somaliya ya rutsa da shi. Ran 13 ga watan Yuli, 1977, mayaƙan Somaliya suka kai farmaki garin Gode, aka kashe shi a ƙasa, ba a cikin jirgi ba. Yana da shekara 67. An binne shi a Adis Ababa.

Har yau ba a daina gardama a kansa ba. A Gabas akwai masu ganinsa mai ceton rai, waɗanda suka yi yaƙi a ɓangaren Tarayya kuwa suna ganinsa baƙo ne da ya tsoma baki cikin faɗan 'yan'uwa, ya ƙara masa tsawo. Wasu kuma na ganin cewa ranar da ya sauke buhun abinci ya ɗaura roka, ya jefa sauran matuƙan agaji cikin hatsari, yaran da ya zo ceto kuma suka ƙara kwana da yunwa.