Waliyyi Ambros, Gwamnan da Jama'a Suka Zaɓa Ya Zama Bishop

A ranar 7 ga watan Disamba Ikklisiya Katolika takan tuna da Waliyyi Ambros na Milan. Galibin waliyyai ana tunawa da su ne a ranar da suka bar duniya, amma shi ranar da aka naɗa shi Bishop ce.

An haife shi wajen shekara ta 340 a birnin Trier, cikin ƙasar Jamus ta yanzu. Ya yi karatun shari'a a Roma, daga baya aka naɗa shi gwamnan wani lardi a arewacin Italiya, mazauninsa kuwa Milan.

A shekara ta 374 Bishop na Milan ya rasu. Jama'a suka rabu biyu: masu riƙe da bangaskiyar Taron Nikiya, da mabiyan Ariyus waɗanda ba su yarda cewa Yesu Kristi daidai yake da Allah Uba ba. Ganin tarzoma na neman tashi, gwamna ya shiga majami'a domin ya kwantar da hankalin mutane. Yana cikin magana sai ɓangarorin biyu suka haɗa baki cewa shi suke so. Ambros kuwa ko baftisma ba a yi masa ba, yana ajin masu koyo. Ya ƙi, har ya ɓuya, amma da Sarki Balentiniyan ya amince da zaɓen, sai ya sallama. Aka yi masa baftisma, cikin kwana takwas aka naɗa shi.

Kada mu ɗauka haka ake yi kullum. Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti kada a ɗora wa sabon tuba shugabanci, a yau ma dokar Ikklisiya ta ce sai Fada ya kai shekara 35, ya kuma yi shekara 5 cikin aikin, kafin a naɗa shi Bishop. Sai dai mutanen Milan ba a makance suka zaɓa ba. Sun ga shari'arsa, sun san ba ya nuna bambanci, sun kuma ga bai nemi kujerar ba. Mu da muke zaɓen iyayen baftisma da shugabannin zumunta, sau nawa muke duba hali kafin mu duba aljihu ko ƙabila?

Abin da ya fi burge mu shi ne, Ambros ya san bai sani ba. Ya rabar da dukiyarsa, ya nemi wani dattijon Fada mai suna Simplisiyan ya zama malaminsa, ya duƙufa ga Littafi Mai Tsarki da rubuce-rubucen iyayen Ikklisiya na Girkanci. Yana koyarwa, yana koyo. Dattijon nan ne kuma Agustin, ɗan Afirka ta Arewa, ya je wa da damuwarsa, bayan wa'azin Ambros ya fara taɓa zuciyarsa. Ambros ya yi wa Agustin baftisma a daren Ista na shekara ta 387.

Gwaji mafi girma ya zo a shekara ta 390, sa'ad da sojojin Sarki Tiyodosiyus suka karkashe dubban mutane a Tasalonika. Ambros ya rubuta wa Sarkin wasiƙa a asirce, ba don ya kunyata shi ba, ya sanar da shi cewa ba zai miƙa hadayar Misa a gabansa ba sai ya tuba. Sarki ya ƙasƙantar da kansa, ya yi tuba a gaban jama'a, sannan aka sāke karɓarsa ga Jibin Ubangiji.

Ambros ya rasu a ranar 4 ga Afrilu, 397, ran Asabar ta jajiberin Ista. Wanda ya gaje shi a kujerar Milan shi ne tsohon malaminsa Simplisiyan, wanda ya girme shi ƙwarai.