Roebuck Staples: Dattijon Da Ya Sanya Kiɗan Rawa A Waƙoƙin Bishara

Masu tara tsofaffin fayafan garmaho a Amurka da Turai sun daɗe suna farautar wani nau'in waƙoƙin majami'un baƙar fata na shekarun 1970, waɗanda kalmominsu na yabon Ubangiji ne, amma kiɗansu irin na rawa ne da ake kira fonk. Yawancin mawaƙan ba su shahara ba, kuma kaɗan aka buga na fayafansu. A 2006 kamfanin Numero Group na birnin Shikago ya tattara wasu daga ciki a faifai mai suna Good God! A Gospel Funk Hymnal, kana a 2019 kamfanin Luaka Bop ya fitar da nasa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka share wa waɗannan mawaƙa hanya shi ne marigayi Roebuck Staples, wanda aka fi sani da Pops, wato Baba.

An haife shi ranar 28 ga watan Disamba na 1914 kusa da garin Winona a jihar Misisipi, kuma shi ne autan 'ya'ya 14. Ya tashi a gandun auduga na Dockery, inda ya riƙa sauraren Charley Patton, ɗaya daga cikin magabatan kiɗan buluz. A wancan zamani masu tsananin riƙo da addini na ɗaukar buluz a matsayin kiɗan shaiɗan, jita kuwa kayan mashaya. Staples ya koyi kaɗa jitar, amma waƙoƙin ibada ya zaɓa ya riƙa rerawa.

A 1935 ya bi sahun dubban baƙar fata da ke ƙaura zuwa arewa domin guje wa talauci da wariyar launin fata. Ya sauka a Shikago, daga baya matarsa Oceola ta same shi da yara. Ya yi aikin ƙarfi a mahauta da masana'antar ƙarafa. A 1948 ya fara zaunar da 'ya'yansa a ɗaki yana raba masu muryoyi kamar yadda ake yi a gidansu a Misisipi. Daga nan ƙungiyar Staple Singers ta samo asali, da Cleotha da Pervis da Mavis, kana daga bisani Yvonne ta shigo.

Abubuwa biyu suka bambanta su da sauran mawaƙan majami'a. Na farko jitarsa mai aiki da lantarki, wadda sautinta ke kaɗawa kamar ana rawar ɗari. Na biyu muryar Mavis, mai kauri har wasu masu sauraren rediyo suka riƙa zaton ta namiji ce. Waƙarsu Uncloudy Day, wadda kamfanin Vee-Jay ya fitar a 1956, ta samu kasuwa sosai, ta kuma buɗe masu ƙofar yawon waƙa a faɗin ƙasar.

Haɗuwarsa da Dokta Martin Luther King a farkon shekarun 1960 ta sauya alƙiblar waƙoƙinsa. Staples ya yanke shawarar cewa abin da King ke faɗa a kan mumbari, su ma za su iya rera shi. Ya tsara Freedom Highway a kan tattakin da aka yi daga Selma zuwa Montgomery a 1965, aka kuma ɗauki waƙar a cikin majami'ar New Nazareth da ke Shikago a watan Afrilun shekarar. Wata waƙar tasa, Why Am I Treated So Bad, King kan nemi a rera masa ita kafin ya fara jawabi.

A 1968 suka koma kamfanin Stax na birnin Memfis. Shugaban kamfanin, Al Bell, ya kai su ɗakin ɗaukar waƙa na Muscle Shoals a jihar Alabama, inda aka haɗa muryoyinsu da ganguna da jita mai ƙaton amo. Respect Yourself ta fito a 1971, sannan I'll Take You There ta zama ta ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka a 1972. A ranar 6 ga watan Maris na 1971 sun yi wasa a dandalin Black Star da ke Akra, a bikin Soul to Soul na ranar 'yancin kan Gana, tare da Wilson Pickett da Ike da Tina Turner.

Wannan nasara ba ta zo a banza ba. Wasu malaman majami'u da tsofaffin magoya bayansu sun zarge su da sayar da addini domin kuɗi, suna cewa waƙar da ake rawa da ita a gidan rawa ba ta ibada ba ce. Staples ya tsaya a kan cewa saƙon bai sauya ba, kuma matasan da ba sa zuwa majami'a sai an bi su inda suke. Kasuwa ta gaskata shi. Stax ya buɗe reshe na musamman mai suna Gospel Truth, wanda ya fito da Rance Allen, yayin da ƙananan ƙungiyoyin majami'u a birane da dama suka shiga buga irin wannan kiɗa da kuɗin aljihunsu. Fayafansu ne yau suka zama abin nema.

Stax ya karye a 1975, shekarar da Curtis Mayfield ya tsara masu Let's Do It Again, wadda ita ma ta zama ta ɗaya. Bayan haka tauraruwar ƙungiyar ta fara dusashewa, amma dattijon bai ajiye jita ba. Faifansa Father Father ya samu lambar yabo ta Grammy a 1995, yana da shekara 80. A 1999 aka shigar da Staple Singers cikin zauren tunawa da gwarzayen kiɗan rok na Amurka. Ya rasu ranar 19 ga watan Disamba na 2000, bayan ya faɗi a gidansa da ke wajen Shikago, saura kwana 9 ya cika shekara 86.

Kafin rasuwarsa ya ɗauki wasu waƙoƙi da bai kammala ba, ya kuma gargaɗi Mavis da kada ta bari su salwanta. Ta adana su shekara da shekaru, sannan ta ƙarasa aikin tare da mawaƙi Jeff Tweedy, aka fitar da faifan a 2015 da sunan Don't Lose This. A shekarar ce kuma aka sake buga Freedom Highway cikakke, a 2020 kuwa kamfanin Craft Recordings ya tattara fayafan da suka yi a Stax ya sake fitarwa.