Isa Kaita

Alhaji Isa Kaita (1912 – Nuwamba 1994) malamin makaranta ne, ɗan siyasa, kuma Wazirin Katsina. An fi saninsa da riƙe muƙamin Ministan Ilimi na Jihar Arewa daga 1957 zuwa 1966.

Farkon rayuwa

An haife shi a Katsina, a gidan sarauta. Mahaifinsa shi ne Waziri Haruna. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, makarantar da ta yaye Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, sannan ya koyar a Midil ta Katsina. A 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya tafi Accra yana karanta labarai a gidan rediyo. Da ya dawo ya yi aiki a En'e ta Katsina, daga baya ya je Exeter a Ingila ya karanci harkar mulki.

Ministan Ilimi

Ya shiga Majalisar Dokokin Arewa a 1951 a ƙarƙashin jam'iyyar NPC, ya zama Ministan Ayyuka a 1954, kafin Sardauna ya danƙa masa ma'aikatar ilimi a Kaduna.

Babbar matsalar da ya tarar ita ce ƙarancin malamai. Arewa tana bayan Kudu nesa a karatun boko, kuma makarantun sakandare kaɗan da ake da su sun dogara ne ga Turawa da sauran baƙi. Gina aji abu ne mai sauƙi, samun wanda zai tsaya a gaban allo ne aiki. A zamaninsa aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ranar 4 ga Oktoba 1962, kuma a shekarar ce aka kafa Babbar Kwalejin Horar da Malamai ta Zariya. A 1965 jami'ar ta kafa Cibiyar Ilimi, wadda ta riƙa kula da manhaja da kwalejojin horar da malamai na Arewa. Duk da haka, har ya bar ofis yawancin yaran karkara, musamman 'yan mata, ba su shiga aji ba.

Bayan siyasa

Juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 ya kawo ƙarshen ministancinsa, sai ya ci gaba da zama a Kaduna. A mulkin Shehu Shagari ya shugabanci Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, yana kuma cikin dattawan da suka nemi a ƙirƙiro Jihar Katsina, wadda aka samu a 1987.

Kwalejin Ilimi ta Dutsin-Ma tana ɗauke da sunansa, haka ma wani babban titi a cikin garin Kaduna.