Valery Legasov: Masanin da hatsarin Carnobil ya cinye rayuwarsa

An haifi Valery Alekseyevich Legasov ranar 1 ga Satumba, 1936, a birnin Tula na Tarayyar Sobiyet. Ya kammala karatu a Cibiyar Fasahar Sinadarai ta Mendeleev da ke Mosko a 1961, sannan ya shiga Cibiyar Makamashin Nukiliya ta Kurchatov, inda ya yi fice wajen binciken sinadarai. A 1981, yana ɗan shekara 45, ya zama cikakken mamba a Majalisar Masana Kimiyya ta ƙasar, bayan shekara biyu kuma aka naɗa shi mataimakin darakta na farko a Kurchatov. Ɗan jam'iyya ne mai biyayya, wanda manya suka yarda da shi, kuma hanyar ɗaukaka a buɗe take a gabansa.

Da misalin ƙarfe 1:23 na daren 26 ga Afrilu, 1986, tukunya ta huɗu ta tashar wutar nukiliya ta Carnobil, a arewacin Yukren, ta fashe ana tsakiyar wani gwaji. A ranar aka sa Legasov cikin kwamitin gwamnati ƙarƙashin mataimakin firaminista Boris Shcherbina, duk da cewa shi masanin sinadarai ne, ba injiniyan tukunyar nukiliya ba. Yana cikin waɗanda suka matsa a kwashe mazauna Pripyat, garin ma'aikatan tashar mai mutum kusan 49,000, abin da ba a fara ba sai bayan kimanin awa 36. Haka nan yana cikin waɗanda suka tsara yadda jirage masu saukar ungulu suka zuba wajen tan 5,000 na yashi, yumɓu, dalma da boron a bakin tukunyar da ke ci. Ya yi ta komawa wurin a watannin da suka biyo baya, jikinsa ya sha tururin nukiliya fiye da ƙima, lafiyarsa kuwa ba ta sake daidaita ba.

Yayin da ake fama da wutar, iska ta riga ta ɗauki burbushin. Hukumomin Mosko ba su ce uffan ba sai ranar 28 ga Afrilu, bayan na'urorin tashar Forsmark ta Suwidin sun gano shi. A cikin hayaƙin akwai wani nau'in aidin mai guba, aidin-131, wanda rabinsa kan ɓace cikin kwana takwas kacal. Ya sauka a kan ciyawa, shanu suka ci, yara suka sha madarar, ya taru a kaluluwar wuyansu, wato wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo. Da an hana shan madarar na 'yan makonni, an kuma raba maganin kariya da wuri kamar yadda Folan ta yi wa miliyoyin yaranta, da an kauce wa mafi yawan ɓarnar. A ƙauyuka da yawa sanarwar ba ta isa a kan lokaci ba. Zuwa 2005, kwamitin kimiyya na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙirga fiye da mutum 6,000 da suka kamu da dajin wannan kaluluwa a Belarus, Yukren da Rasha, dukkansu yara ne ko matasa lokacin hatsarin.

A watan Agustan 1986 Legasov ya jagoranci tawagar ƙasarsa zuwa taron Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya a Biyana. Ya shafe kimanin awa biyar yana bayani dalla-dalla, abin da ba a saba gani daga jami'in Sobiyet ba, mahalarta kuma suka yaba masa ƙwarai. Sai dai rahoton ya ɗora mafi yawan laifin a kan ma'aikatan da ke bakin aiki a daren, ya sassauta wa ƙirar tukunyar, samfurin RBMK. Alhali sandunan da aka tanada don kashe tukunyar suna da aibi: da an zura su, sukan ƙara mata ƙarfi na ɗan lokaci kafin su rage shi. An lura da hakan a tashar Ignalina tun 1983, amma ba a wayar da kan masu sarrafa tukunyar ba. Cibiyar da Legasov ke wa aiki ce ke kula da ɓangaren kimiyya na wannan ƙira.

Da ya dawo gida ya shiga neman a gyara tsarin baki ɗaya, daga ƙirar tukwane da horon ma'aikata har zuwa al'adar ɓoye kuskure. Wannan bai yi wa abokan aikinsa daɗi ba. A 1987 suka ƙi zaɓensa cikin majalisar kimiyya ta cibiyar da shi ne mataimakin shugabanta, lambar girma mafi daraja da aka yi tsammanin zai samu ita ma ta wuce shi. Ga ciwo, ga wariya. Sai ya zauna ya naɗi bayanansa a kaset-kaset, yana fayyace sakacin da ya daɗe yana gani. Ranar 27 ga Afrilu, 1988, kwana ɗaya bayan cikar hatsarin shekara biyu, aka same shi ya kashe kansa a gidansa a Mosko, yana da shekara 51. A watan Mayu jaridar Pravda ta buga wani ɓangare na bayanan.

A 1992 masu ba hukumar ta Biyana shawara suka sake nazarin lamarin, suka mayar da nauyin laifin kan ƙirar tukunyar da raunin tsarin kariya. A 1996 Shugaba Boris Yeltsin ya ba Legasov lambar Gwarzon Tarayyar Rasha, shekara takwas bayan mutuwarsa.

Ɓarnar da ya yi ƙoƙarin taƙaitawa ta daɗe bayansa. Cikin ma'aikata da 'yan kwana-kwana 134 da tururin ya kwantar, 28 sun mutu a watannin farko. An kwashe kimanin mutum 116,000 a 1986, daga baya aka sake tsugunar da wasu kusan 220,000. A 2005 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙiyasta cewa mace-macen da za a danganta da hatsarin za su iya kaiwa 4,000 cikin mutum 600,000 da suka fi shan tururin, adadin da wasu masana ke ganin ya yi kaɗan. Sinadarin sisiyam-137, wanda rabinsa kan ɗauki shekara 30 kafin ya ɓace, ya shige ƙasa da dazuzzuka: Birtaniya ba ta ɗage takunkumin ƙarshe a kan tumakin tsaunukanta ba sai 2012, a kudancin Jamus kuwa har yau ana auna naman aladun daji kafin a sayar. A 2016 aka lulluɓe tukunyar da sabuwar rumfar ƙarfe da aka ƙera don ta yi shekara 100. Kewayen kilomita 30 da aka killace a 1986 na nan a killace, Pripyat kuma ta zama kufai, itatuwa sun tsiro a titunanta. Kabarin Legasov yana maƙabartar Novodevichy a Mosko.