Sarkin Musulmi Attahiru Da Matan Da Suka Bi Shi

A wannan mako za mu kawo muku tarihin Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na ɗaya, ɗan Ahmadu, ɗan Atiku, ɗan Shehu Usmanu, wanda ya yi shahada a Burmi.

An naɗa shi a watan Oktoba 1902, bayan rasuwar Sarkin Musulmi Abdurrahman, watau bai ko gama karɓar gaisuwa ba sai ga labarin Nasara sun ci Kano. Ran 15 ga Maris 1903 aka kara a Giginya, bayan ganuwar Sakkwato, amma ina doki da mashi za su yi da bindiga mai ruwa? Da ya ga haka sai ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya ɗaura niyyar hijira zuwa gabas, ya nufi Makka. Ku mutanen Gumel a shekarar nan ce Sarkinku Ahmadu ya karɓi Turawa ba tare da yaƙi ba, shi ya sa guguwar ba ta bi ta kanku ba.

To, a nan ne labarin ya shafe mu. Ba mayaƙa kaɗai suka bi shi ba. Duk garin da ya ratsa sai talakawa su tashi, maza da mata, ga damina ta kawo jiki, a bar gona ba shuka. Ki duba fa, uwargida, mace ta bar ɗakinta da tukwanenta, ga goyo a baya, ga kaya a ka, ga soja na biye, kuma ba ta san ranar isa ba. Marubuta tarihi sun adana sunayen sarakuna da hakimai, su kuwa waɗannan bayin Allah sai a ce jama'a kawai.

A Burmi, kusa da kogin Gongola cikin Jihar Gombe ta yanzu, aka tsaya. Mutanen garin sun kori Turawa a watan Mayu, sai suka komo da ƙarfi ran 27 ga Yuli 1903. Nan Attahiru ya faɗi tare da ɗaruruwan mutane, shi ma Manjo Mash, shugaban sojan, kibiya ta kashe shi.

Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran har ƙasar Sudan, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu, inda zuriyarsu take har yau. Allah ya jiƙansu, amin.