Shehu Laminu da Mai Dunama: Haƙuri da Abokin Aiki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. 'Yan'uwa Musulmi, a wannan fitowa za mu waiwayi rayuwar Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda jama'armu ta Diffa, Bosso da Barwa suka fi sani da Shehu Laminu.

An haife shi a ƙasar Fezzan wajen shekarar 1776. Mahaifinsa malami ne Bakanembe, mahaifiyarsa Balarabiya. Ya yi karatu, ya sauke farali, sannan ya zauna a Ngala, kudu da Tafkin Chadi, yana karantarwa.

A 1808 mayaƙan Gwani Mukhtar suka ci Birnin Ngazargamu, wanda kufansa ke kusa da kogin Komadugu. Mai Ahmad ya sauka ya bar wa ɗansa Dunama sarauta, aka nemi taimakon malamin Ngala, birni ya dawo hannu. Daga nan Allah Ya haɗa mutanen nan biyu a kan aiki guda, wato tsare ƙasar Barno.

Zaman bai yi daɗi ba. Dunama ya ba Shehu garin Ngurno, amma fadawa suka yi kishin kusancinsu, har suka tuɓe Mai suka naɗa Muhammad Ngileruma. Shehu bai yar da abokin aikinsa ba, ya tsaya sai da aka mai da shi gadonsa. A 1814 kuma ya kafa Kukawa ya koma can, ya bar Mai da fadarsa. Sau da yawa 'yar tazara ita ke tsare zumunci.

Duk da haka zuciyar Dunama ba ta kwanta ba, domin yana ganin iko na ta komawa Kukawa. Ya ƙulla da Sarkin Bagarmi a kawar da Shehu, asiri ya tonu, kuma a fagen yaƙi kusa da Ngala sojojin Bagarmin ne suka kashe Dunama.

Ga wurin da ya kamata mu tsaya mu yi tunani. Gado ya zama wofi, ƙarfi yana hannun Shehu, amma bai hau ba. Ya naɗa Ibrahim, ƙanen marigayin, ya bar wa gidan Saifawa sunansa da martabarsa. Ragamar mulki tana hannunsa, sai dai har ya rasu a 1837 bai ɗauki sarautar Mai ba. Gidan Saifawa bai faɗi ba sai a 1846, zamanin ɗansa Umar.

Da yawa daga cikinmu muna da irin wannan aboki a gona, a kasuwa, a makaranta, ko a kwamitin masallaci. Mu taimake shi ranar da ya faɗi, mu tsare masa mutuncinsa a gaban jama'a, mu kuma kasance a farke game da sharrinsa, kada saɓanin mutum biyu ya rushe aikin al'umma.

Allah Ya jiƙan Shehu Laminu da magabatanmu baki ɗaya, Ya ba mu haƙurin zama da juna, amin.